Gogewar cinya a wajen hawan dutse, wa ya san maganinta?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina da tambaya, na daɗe ina jujjuya ta a raina don abu ne da mutum yake jin nauyin faɗa cikin jama'a, amma gara dai in faɗa. Satin da ya wuce mun je Jos mu shida muka hau duwatsun Shere, muka kwana can sama muka sauko washegari. Da safe lafiya lau, wajen azahar na fara jin wani ɗan zafi-zafi a matse-matsina inda cinyoyi suke haɗuwa, ban ɗauke shi a bakin komai ba na ci gaba da tafiya. Kafin magariba fatar wajen ta sale, duk takun da na yi kamar ana goga min barkono. Da na zo tsarki ruwa ya taɓa wajen wallahi sai da hawaye ya zubo min. Washegari a tale na sauko, hanyar da ya kamata mu ci a awa uku sai da ta kai mu biyar saboda ni. Ga kafaɗa da ƙugu inda igiyar jaka ta kwanta, nan ma duk ya goge. To yanzu muna shirin hawan dutsen Gangirwal a watan Disamba kuma an ce kwanaki ake yi a hanya, gaskiya tsoro nake ji. Me kuke yi ne ku da kuka saba?

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Babu abin kunya a nan, kusan duk wanda ya taɓa doguwar tafiya da kaya a baya ya ɗanɗana. Amma faɗa mana tukun, wane kaya ka sa ranar?

Ɗan Rigasa: Wandon jins, da bokas na auduga a ciki, sai singileti da riga mai gajeren hannu. Jakar kuma na auna ta kafin mu tashi kilo 19 ce, har da tukunya da galan na ruwa.

Kawu Soja: To ai ka ba wa kanka amsa yaro. Jins? A kan dutse? Wannan ɗinkin mai kauri da ya bi ta tsakanin ƙafa shi ne zarton da ya yanka ka. Mu lokacin da muke aiki muna tafiyar ƙasa da kaya a baya tun asuba har rana ta take, abin da muka riƙe shi ne hoda. Ka wanke jiki ka bushe ka barbaɗa hoda a matse-matsi da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, shi kenan. Da dare ka cire komai ka sha iska. Ban taɓa shafa wani mai ba.

Ɗan Jos: Kawu a gafarce ni, maganar jins gaskiya ce ɗari bisa ɗari amma ni na fi zargin bokas ɗin. Ni ina raka mutane Shere kusan duk ƙarshen wata, kuma na lura masu bokas mai faɗi na auduga su suka fi kuka. Auduga tana shan zufa ta riƙe, ba ta bushewa da wuri, in ta jiƙe sai ta nannaɗe ta tattaru a lungun cinya ta zama kamar igiya, kai kuma kana ta taku dubu bisa dubu a kanta. Abin da nake ba kowa shawara shi ne tait irin wanda 'yan ƙwallo suke sawa a ƙarƙashin gajeren wando, mai kama jiki wanda ya sauko har kusan gwiwa. In ka sa shi yadi ne yake gogar yadi, fata ba ta taɓa fata. Ana samu a gwanjo nan Taminus, na Kano kuma su leƙa Ƙofar Wambai, sai dai a wanke shi da kyau a shanya a rana kafin a sa. Kuma ka shafa hannu a ciki ka ji ɗinkin, in yana da tudu ka juya shi bai-bai ka sa, ba wanda zai gani.

Abu Hanan: Ni fa ban yarda da maganar tait ɗin nan ba. Yadin roba ne fa, a ƙasar zafi irin tamu ka matse jikinka da roba yini guda ai dafa kanka za ka yi. Ku dubi Fulani makiyaya, daga safe har yamma suna bin shanu a daji da wando mai faɗi, ka taɓa jin sun ce cinya ta goge? Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro daga Kano a ƙasa, wata da watanni a hanya, tait suka sa? Iska ita ce magani. Duk abin da ya hana iska shiga shi ke kawo matsala.

Ɗan Jos: Malam Abu Hanan wa ya gaya maka ba sa gogewa? Don ba su rubuta a zaure ba? Kuma kar ka manta wanda ya tashi yana tafiya tun yana yaro jikinsa ya saba, mu kuma sati guda muna zaune a ofis ko a shago sai ranar Asabar mu ɗauki jaka. Sannan bafatake a ka yake ɗora kaya ko a kan jaki, babu bel ɗin jaka da ya ɗaure masa ƙugu yana tura wando ƙasa yana tara zufa.

Abu Hanan: Na ji wannan. Amma zafin roba fa? Ni na taɓa sawa na yi gudu da shi, ƙurajen zufa suka feso min.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, ku ba ni dama in sa baki, ni nas ce kuma irin wannan muna gani sosai musamman lokacin zafi. Abu uku ne suke haɗuwa su kawo gogewa: guga, da danshi, da gishiri. Fata in ta jima a jiƙe tana laushi, kamar yadda hannu yake yi in an daɗe ana wanki, to a lokacin guga kaɗan ta isa ta ɗaye saman ta. Ita kuma zufa in ta bushe ta sake jiƙa ta sake bushewa tana barin gishiri, irin farin shatin nan da kuke gani a bayan riga ko a hula, wannan gishirin a jikin fata tamkar yashi ne. Don haka Malam Abu Hanan da Ɗan Jos duk kuna da gaskiya, kowa ɓangare ɗaya ya kama. Wando mai faɗi yana rage danshi amma ba ya hana cinya gogar cinya. Tait yana hana guga amma in irin mai kauri ne mai kama da leda zai tara zufa. A nemi marar nauyi wanda in ka wanke ka shanya ba ya daɗewa ya bushe, a sa wando mai faɗi marar nauyi a kai. Kuma ba masu jiki kaɗai abin yake samu ba, ramammu ma suna gogewa, yanayin ƙirar ƙafa ne da irin takun mutum.

Kawu Soja: To hodar fa, Hajiya nas? Kin tsallake ta.

Maman Ilham: Kawu ban tsallake ba, ina zuwa. Hoda tana da amfani in zufar kaɗan ce ko da daddare bayan an wanke an bushe. Amma mai zufa da yawa in ya zuba ta da safe, kafin hantsi ta cakuɗe ta zama kamar ƙullu, ta dunƙule a lungu, ita ma ta koma abin guga. Sannan irin hodar nan mai sanyi da ake sa wa ƙurajen zufa, in fata ta riga ta sale ka zuba ta za ka ji a jikinka.

Kawu Soja: Shekara talatin ina amfani da ita ba ta taɓa cakuɗe min ba. Amma dai jiki da jiki akwai bambanci, ban musa ba.

'Yar Gembu: Ni man kaɗanya ne nawa, ba na tafiya ba shi. Ɗan ƙaramin gwangwani a aljihun jaka, in shafa da safe in ƙara da azahar. Kuma tunda maza sun yi nasu bari in yi namu, don na san akwai mata a zauren nan da suke karantawa sun yi shiru. Mu ban da cinya akwai ƙarƙashin ƙirji inda robar rigar mama take kwanciya, da kafaɗa inda igiyarta da igiyar jaka suke hawa kan juna. Mai ƙarfen nan a ƙasa kar ki soma hawa dutse da ita, ki nemi ta motsa jiki marar ƙarfe mai faɗin hannu. A ƙarƙashin doguwar riga ko siket ki sa dogon tait, hijabi kuma marar nauyi don wuya ma yana gogewa in zufa ta jiƙa shi. In kuma tafiyar ta faɗo a kwanakin al'ada to gefen audugar mata yana yanka sosai in ta jiƙe da zufa, ki riƙa canzawa da wuri kar ki jira ta cika, ki tafi da leda ta zuba wanda aka cire ki dawo da shi gida kar a bar shi a daji.

Ummu Sadik: Allah ya saka miki da alheri Anti. Wallahi abin da ya hana ni komawa ke nan tun zuwanmu dutsen Kufena na Zariya, na kasa gaya wa kowa, maigida ma ce masa na yi ƙafata ce ke ciwo.

Ɗan Rigasa: To tsakanin man kaɗanya da basilin wanne ya fi? Don abokina cewa ya yi basilin.

Ɗan Jos: Basilin ya fi daɗewa a jiki, shi ba ya shiga fata zama yake a sama yana santsi. Man kaɗanya fata tana shanye shi, bayan awa biyu uku sai ka ƙara. Illar basilin yana ɓata wando da maiƙo kuma lokacin hunturu in ƙura ta samu hanya ta manne masa. Akwai kuma wani na Turawa Body Glide, kamar sandar turaren hammata yake, ba ya maiƙo, amma samunsa a nan sai an yi oda kuma da tsada. Ni dai basilin nake ɗauka.

'Yar Gembu: Ƙarawar ai ba laifi ba ce Ɗan Jos, ita ce ma take sa ka tsaya ka duba jikinka. Kuma man kaɗanya in wajen ya fara ja yana kwantar da shi, ni na gani a jikina. Sai dai a samu na asali wanda ba a haɗa da turare ba.

Maman Ilham: Duk wanda ya samu a cikin biyun ya yi, muhimmin abu a shafa KAFIN a fara tafiya, a kan fata mai tsabta busasshiya. Kuma Ɗan Rigasa ka koma ka karanta abin da ka rubuta da farko, ka ce wajen azahar ka fara jin zafi-zafi ka ci gaba da tafiya. To nan ne ka yi asara. Da a lokacin ka ce wa abokanka su ba ka minti goma ka zaga bayan dutse ka goge wajen da ruwa ka bushe ka shafa mai ka gyara wando, da ba a kai ga salewa ba. Mutane kunya take hana su tsayawa, kowa ba ya so a ce shi ne rago.

Sai wani abu da ya shafe mu musulmi wanda ba za ka ji shi a bakin Turawa masu koyar da hawan dutse ba. Muna tsarki da ruwa sau da yawa a yini, kuma yawanci mutum yana gamawa zai ja wando a jiƙe ya ci gaba da tafiya. A gida ba komai, amma a doguwar tafiya wannan danshin yana ƙaruwa a kan na zufa. Ka ware ɗan ƙyalle mai laushi na wannan aikin kaɗai, ka tsane jikinka kafin ka ja wando, ka maƙala shi a bayan jaka ya bushe, da yamma ka wanke. Na biyu aski. Kar ka yi askin gaba ana gobe tafiya, gashin da ya fara tsirowa kaifi gare shi kamar ƙaya ga kuma ɗan yankan reza da ba ka gani. Ka yi da kwanaki kafin nan, ko ka rage da almakashi.

Malam Na-Zariya: Wannan daidai ne, kuma babu takura a shari'a, iyakar da ta zo a hadisi ita ce kar a bar shi ya wuce kwana 40. Mutum yana da sarari ya tsara lokacinsa.

Alhajin Tudun Wada: Ni ban taɓa hawa dutse don nishaɗi ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma maganar nan ta taɓa ni don na sha ta a aikin Hajji. Ku da kuke maganar tait kuna da gata, mu a cikin harami namiji ba ya sa ɗinkakken abu, ba wando ba kamfai, daga kai sai tawul biyu. Ga zafin Saudiyya, ga tafiya daga tantinmu na Mina zuwa wajen jifa mai nisan gaske, a dawo, gobe a sake. Safa da Marwa kaɗai in ka haɗa zuwa da dawowa bakwai ɗin ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi. Daren Muzdalifa ban runtsa ba, ina zaune a kan tabarma na buɗe ƙafa ina fifita wajen da kwalin ruwa, gefen haramin duk ya yi shatin jini-jini. Wani dattijo ɗan Nijar da ke kusa da ni ya lura, bai ce min komai ba ya miƙo min ƙaramar robar basilin ya juya baya. Har gobe ina yi masa addu'a. Don Allah masu bita a riƙa gaya wa maniyyata wannan, ana ta koya mana addu'o'i ba wanda ya ce mana cinya za ta goge.

Abu Hanan: Allahu akbar. Amma Alhaji shafa mai a cikin harami ya halatta kuwa? Na ji kamar akwai magana.

Malam Na-Zariya: Akwai magana. Mai turare dai babu saɓani a bar shi. Wanda ba turare kuma, malamai da yawa sun ce babu laifi a shafa a jiki musamman don lalura. Malikiyya sun fi tsanantawa a kan shafa mai a jiki ga mai harami, in ba lalura suna ganin fidiya, in da lalura kuma akwai zance biyu a cikin mazhabar. Abin da ya fi sauƙi mutum ya shafa marar ƙamshi kafin ya ɗaura niyya, in kuma ciwo ya same shi a can ya yi magani ya tambayi malamin da ke tare da ayarinsu game da hukuncin. Mata su suna sa kayansu na ciki yadda suka saba. Kuma bayan jifan ranar sallah da aski namiji ya samu damar komawa kayan gida, to sauran kwanakin jifa ya sa wandonsa na ciki mai kama jiki.

Shugaban Zaure: Mun gode Malam, mun gode Alhaji. A dawo kan Ɗan Rigasa, har yanzu ba a ce komai ba game da kafaɗa da ƙugunsa.

Ɗan Jos: Kilo 19 ya yi yawa, nawa ne nauyinka?

Ɗan Rigasa: 72.

Ɗan Jos: To abin da masu harkar suke bi shi ne jaka kar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum, kai naka wajen kilo 14 ke nan. Rage kaya, tukunya ɗaya ta ishe ku ku shida ku raba sauran. Sannan yadda ake ɗaura ta: ka sassauta duk igiyoyin, ka goya, ka fara ɗaure bel ɗin ƙugu a daidai kan ƙashin ƙugu ba a kan ciki ba, shi ne zai ɗauki mafi yawan nauyin. Bayan nan ka ja na kafaɗa daidai yadda jakar za ta kwanta a bayanka ba tare da ta danne ka ba, sai ƙaramar igiyar ƙirji. Jakar da take lilo tana rawa a baya ita ke goge mutum, kowane taku tana ja hagu tana ja dama. Kaya masu nauyi kamar ruwa a sa su jikin baya a tsakiya. Kuma ka duba abin da ke ƙarƙashin bel ɗin, in akwai bel ɗin wando na fata ko maɓalli ko kullin mazagi ko makulli a aljihu to shi zai huda ka. Singileti kuma ka bar shi a gida, hannunsa siriri ne yana faɗawa daidai ƙarƙashin igiyar jaka, jesin ƙwallo ya fi shi sau goma. Wasu maza kan nono ma yana goge musu har ya yi jini, filasta ƙarama a manna da safe ta wadatar.

Na Sabon Gari: Ni in ya same ni sifirit nake zubawa, zafi na minti ɗaya ya bushe. Wani lokaci man zafi. Ciwo ai sai da zafi yake mutuwa.

Maman Ilham: Don girman Allah ka daina, kuma kar wani ya gwada. Sifirit da man zafi da Dettol da ba a sirka ba da man goge baki da na ji wasu suna sawa, duk ƙona sabuwar fatar da take ƙoƙarin tsirowa suke yi, ciwon kwana uku ya koma na sati biyu. In ya riga ya sale ga abin yi: ruwa mai tsabta, in da sabulu marar ƙamshi kaɗan, a wanke a hankali ba da soso ba. A tsane da ƙyalle ana dannawa, ba gogawa ba. A bar shi ya sha iska gwargwadon hali, da dare a kwana da zane ko jallabiya ba komai a ciki. Sai a shafa man nan fari mai kauri da ake sa wa jarirai in kunzugu ya ci musu jiki, mai sinadarin zinc, irin su Sudocrem, kowane kemis akwai. Da safe in dole sai an ci gaba da tafiya a shafa shi da kauri ko a rufe da bandeji mai laushi a sa tait mai tsabta a kai. Wandon jiya da ya sha gishiri kar a maimaita shi sai an ɗauraye. Yawanci cikin kwana biyu zuwa sati ya warke in an huta.

Amma in wajen ya kumbura, yana ƙara faɗi, yana fitar da mugunya ko wari, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, wannan ya wuce gogewa ƙwayoyin cuta sun shiga, a tafi asibiti. Mai ciwon suga kuma kar ya jira ma a kai nan.

Na Sabon Gari: To nawa gaskiya ya fi wata huɗu, ƙaiƙayi ne yake tafiya yana dawowa, wajen ya yi baƙi da zagaye kamar taswira. Mai kemis ya ba ni wani kirim mai haɗi uku, in na shafa kwana biyu ya lafa in na bari ya dawo ya fi da.

Maman Ilham: Yadda ka kwatanta ya fi kama da ciwon fata irin na makero da yake kama matse-matsi, danshi ne yake kiwonsa, kuma sau da yawa bayan gogewa yake samun ƙofa. Kirim mai haɗi ukun nan akwai sitiroyid a ciki, shi ne yake kwantar da ƙaiƙayin ka zaci ka warke alhali cutar tana yaɗuwa a ƙasa, in aka daɗe ana shafawa kuma fatar wajen tana sirancewa har nankarwa ta fito. Irin wannan clotrimazole zalla ake shafawa safe da yamma sati biyu zuwa huɗu, ba a dainawa don ƙaiƙayi ya tsaya. Amma tunda naka ya kai wata huɗu ka je likita ya gani da idonsa, wataƙila sai an haɗa da na sha, kuma ka roƙa a gwada maka suga. Tawul ɗinka kar kowa ya yi amfani da shi. Kuma basilin ba naka ba ne yanzu, kai bushewa kake buƙata.

Na Sabon Gari: Na gode Anti, gobe in sha Allahu zan je. Da ban yi magana ba da ina nan ina ta zuba sifirit.

Kawu Soja: Kun ga inda hodata za ta yi aiki ke nan, wajen bushewa.

Maman Ilham: Nan kam na ba ka Kawu, bayan ya warke.

'Yar Gembu: Ɗan Rigasa game da Gangirwal, tunda yankinmu ne bari in ƙara maka. Shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun Gashaka Gumti a bakin iyakar Kamaru, ofishin gandun yana Serti ku fara neman izini da ɗan rakiya. Kar sanyin Mambila ya yaudare ka ka ce ba za ka yi zufa ba, hawa ne mai tsayi ga kaya a baya, za ka jiƙe sharkaf sannan iska ta buge ka. Ga raɓa a ciyawa da safe tana jiƙa wando har cinya, ga rafuka da ake tsallakawa. Tafiya da jiƙaƙƙen wando ita ce ta fi saurin goge mutum. Ka tafi da tait uku, ɗaya a jiki ɗaya yana bushewa a bayan jaka ɗaya a ƙulle cikin leda, da kayan barci da ba za ka taɓa yin tafiya da su ba ko me ya faru.

Abu Hanan: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan wando mai faɗi, amma zan gwada tait marar nauyin a ƙarƙashi in gani. In ƙuraje suka fito zan dawo nan in faɗa.

Shugaban Zaure: Ka dawo ka faɗa, haka ake so. Ɗan Rigasa kai ma kar ka bari sai ranar tafiya ka sa sabon kaya, ka gwada su tun yanzu.

Ɗan Rigasa: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan sati uku. Wajen ya warke tun kwana shida da fara shafa man jariran, sai ɗan duhu da ya bari. Na samo tait biyu a gwanjo da jesi, na rage jakar zuwa kilo 14, ranar Asabar na goya ta na taka tun bayan asuba har ƙarfe sha ɗaya. Cinya lafiya ƙalau, na shafa basilin kafin in fita na ƙara sau ɗaya a hanya. Sai dai ƙugu na dama ya ɗan yi ja, da na duba ashe lambar da ke jikin tait ɗin ce ta faɗo daidai ƙarƙashin bel, na yanke ta da reza. Ɗaya daga cikin tait ɗin kuma yana nannaɗowa sama in na yi hawa, ina ga ya yi min yawa. Anti 'Yar Gembu tambaya ɗaya, wajen tsallake rafi cire wandon sama ake yi ko nannaɗewa?

'Yar Gembu: A Disamba ruwa ya ja baya, yawanci nannaɗewa ta isa. In ka ga zai wuce gwiwa cire na saman ka ɗaura zane a kan tait ɗin ka tattare, ka kwance bel ɗin jaka kafin ka shiga ruwa saboda ko santsi zai kwashe ka. In kun haye ka tsane jiki, in tait ɗin ya jiƙe ka canza ka sake shafa mai kafin ku ci gaba. Wanda yake nannaɗowar kuma ka ba wani, ka nemo daidai jikinka.